Me Ya Sa Sabar Ta Ƙi Karɓar Aikinka?

  Wannan shirinmu ne na fasahar kwamfuta.

Shirin yau na masu rubuta manhaja ne. Ɗalibi mai koyon sana'ar. Matashiyar da ta fara aiki a ƙaramin kamfani. Da kuma wanda aka damƙa wa kula da sabar ofis, wato babbar kwamfutar da kowa ke ajiye aikinsa a ciki. In kana cikinsu, matso kusa da rediyo. In da hali, ɗauko biro da takarda.

Ga matsalar da za mu tattauna. Ka gama aikinka. Ka adana shi a kwamfutarka. Ka ba da umarnin git push, wato ka tura aikin zuwa rumbun da kuke tarayya a kai. Sai allo ya cika da Turanci. A can ƙasa ka ga an rubuta failed to push some refs. Ma'ana, turawar ba ta yiwu ba. An ƙi karɓa.

A nan ne mutane da yawa ke rikicewa. Wani ya yi ta sake turawa. Wani ya goge komai ya koma farko. Wani kuma ya samo umarnin tilastawa a intanet, ya danna, ya share aikin abokansa bai sani ba.

Saƙona na yau guda ɗaya ne, kuma za ku ji ina ta maimaita shi. Karanta saƙon. Gano wanda ya ƙi. Sannan ka gyara. Kada ka tilasta.

Shirin yana da kashi biyar. Na farko, mene ne Git, kuma mene ne rumbun gida. Na biyu, yadda za ka gane wanda ya ƙi ka. Na uku, matsalar shiga. Na huɗu, idan wani ya riga ka turawa. Na biyar, idan sabar ce da kanta ta ƙi.

Bismillah, ga kashi na farko.

Git tsari ne da ke riƙe tarihin aiki. Duk canjin da ka yi ka adana, Git yana rubuta wanda ya yi shi, da lokacin da aka yi, da abin da ya canza. Wannan adanawar ita ake kira komit. Kowane komit yana ɗauke da lambar komit ɗin da ya gabace shi. Don haka tarihin a jere yake, wannan na bin wancan. Ku riƙe wannan da kyau, za mu dawo kansa.

Linus Torvalds, ɗan ƙasar Finlan wanda ya fara Linux, shi ya ƙirƙiro Git a watan Afrilu na 2005. Kafin nan masu gina Linux suna amfani da wani tsari mai suna BitKeeper, sai kamfanin da ke da shi ya janye damar amfani da shi kyauta. A watan Yuli na wannan shekarar Torvalds ya miƙa ragamar Git ga Junio Hamano, wanda ya ci gaba da jagorantar aikin.

Da yawanku kun san GitHub, wanda aka buɗe a 2008, Microsoft kuma ya saye shi a 2018. Amma ba dole ba ne ku ajiye aikinku a hannun wani. Ofis, ko jami'a, ko ƙaramin kamfani na iya kafa nasa rumbun a kwamfutarsa. Wasu suna ɗora GitLab. Wasu suna ɗora Gitea, mara nauyi, wanda ya samo asali daga Gogs a 2016. Wasu Forgejo, wanda ya ɓalle daga Gitea a 2022. Wasu kuma ba su ɗora komai, Git ne kawai da hanyar shiga ta SSH. Duk waɗannan su nake kira rumbun gida.

Rumbun gida yana da daɗi. Sirrin aikinku yana hannunku. Kuma inda intanet ke da tsada ko yake yawan yankewa, rumbun da ke cikin ofis yana aiki ta layin cikin gida ko da babu data. Sai dai akwai nauyi. Ranar da ya ƙi karɓar aiki, babu kamfanin da za ku kira. Ku ne masu rumbu, ku ne masu gyara.

Wannan ya kawo mu kashi na biyu. Wa ya ƙi ka?

Duk lokacin da ka tura aiki, yana bi ta matakai uku. Mataki na farko, kwamfutarka tana neman shiga sabar, sabar kuma tana tambayar ko kai wane ne. Mataki na biyu, Git ɗin da ke kwamfutarka yana kwatanta tarihinka da tarihin sabar. Mataki na uku, sabar tana karɓar kayan, ta duba su, ta rubuta su a faifanta.

Kowane mataki yana iya tsayar da kai. Kuma kowanne da irin maganarsa.

In ka ga permission denied, wato an hana izini, ko authentication failed, wato an kasa tantance ka, ko connection refused, wato an ƙi haɗa layi, to ko shiga ba ka yi ba. Matsalarka tana mataki na farko.

In ka ga kalmar rejected ita kaɗai, to Git ɗinka ne ya tsayar da kai. Ya duba tarihin sabar, ya ga bai dace da naka ba. Wannan mataki na biyu ke nan.

In kuwa ka ga kalmomi biyu, remote rejected, to sabar ce ta ƙi. Kayanka sun isa, ita ta mayar da su. Kuma duk layin da ka ga ya fara da remote, sabar ce ke magana da bakinta. Wannan mataki na uku ke nan.

Bari in sake faɗa. Rejected kaɗai, naka ne ya ƙi. Remote rejected, sabar ce ta ƙi.

Kuma mai sauraro, kada ka tsaya a layin ƙarshe. Layin ƙarshe yana gaya maka cewa an ƙi ne kawai. Dalilin yana sama. Koma sama, layi biyar ko goma. Karanta a tsanake. Galibi amsar tana nan a rubuce tana jiran ka.

Yanzu kashi na uku, matsalar shiga.

Abu na farko, duba adireshi. Rubuta git remote -v. Zai nuna maka inda kake turawa. Tabbatar adireshin daidai yake. A ƙananan ofisoshi abu ne da ke yawan faruwa: a kashe rauta, wato na'urar da ke rarraba layi, a sake kunnawa, sai sabar ta samu sabuwar lambar adireshi. Jiya kun tura lafiya, yau babu amsa. Maganinsa, mai kula da sabar ya ba ta lamba tsayayyiya. Kai kuma ka gyara adireshi da git remote set-url.

Abu na biyu, makulli. In kuna shiga ta SSH, kowa yana da makullai biyu. Ɗaya na sirri, yana zama a kwamfutarka, ba a ba kowa shi. Ɗaya na fili, shi ake ɗorawa a sabar. In saƙon ya ce permission denied, publickey, to sabar ba ta yarda da makullinka ba. Gwada shiga da umarnin ssh -v. Wannan harafin v yana sa a nuna maka kowane mataki, har da makullin da kwamfutarka ta miƙa.

Dalilan da aka fi samu uku ne. Ko dai ba a ɗora makullinka na fili ba. Ko ka shiga da sunan da ba shi ba, domin a GitLab da Gitea galibi sunan shiga git ne, ba sunanka ba. Ko kuma foldar makullai da ke sabar a buɗe take ga kowa. SSH yana da tsauri a kan wannan. In ya ga wasu na iya rubutu a foldar, sai ya yi watsi da makullan gaba ɗaya. A saita foldar a lamba 700, fayil ɗin authorized_keys kuma a 600. Ma'anar lambobin nan, mai su kaɗai ke taɓa su.

Akwai kuma wata da ta fi addabar masu tsohuwar sabar. A watan Satumba na 2021, OpenSSH 8.8 ya daina karɓar tsohon salon sa hannu na RSA mai amfani da SHA-1. Sai ka ga sabuwar kwamfuta ta kasa shiga tsohuwar sabar, alhali makullin bai canza ba. A sabunta sabar. Ko ka ƙirƙiri sabon makulli irin ed25519.

Abu na uku, in ta HTTPS kuke shiga, wato da suna da kalmar sirri, kula da lambobi biyu. Lamba 401 tana nufin ba a gane ka ba. Lamba 403 tana nufin an gane ka, amma ba ka da izini a wannan rumbun. In 401 ce, wataƙila ka canza kalmar sirri, kwamfutarka kuma tana miƙa tsohuwar. A Windows, shiga Credential Manager ka goge ta. In kuma ka kunna tantancewa mai mataki biyu a GitLab, kalmar sirri ba za ta yi ba. Sai ka ƙirƙiri tokin, wato lambar shiga ta musamman. In 403 ce, wannan ba gyaran kwamfuta ba ne. Je wurin mai rumbun ya ba ka izini.

Masu sauraro, muna tsakiyar shiri. Muna magana ne a kan abin da za ka yi idan rumbun Git ya ƙi karɓar aikinka. Karanta saƙon. Gano wanda ya ƙi. Sannan ka gyara.

Ga kashi na huɗu, kuma shi ne ya fi kowanne muhimmanci. Idan wani ya riga ka.

Mu ce ku biyu ne a kan aiki ɗaya. Da safe kowa ya ɗebo aikin daga sabar. Abokiyar aikinka ta gyara shafin shiga, ta tura da azahar. Kai ka gyara shafin biyan kuɗi, ka zo turawa da la'asar. Sai Git ya ce rejected, a gefe kuma ya rubuta fetch first, wato fara ɗebowa. Wani lokaci yakan rubuta non-fast-forward, wato tarihinka ba ci gaban tarihin sabar ba ne.

Kun tuna na ce kowane komit yana bin wanda ya gabace shi? To, naka yana bin tarihin safe. Tarihin sabar kuwa ya wuce nan tun azahar.

Ku ɗauka littafin bashi ne na shago. Yaran shago biyu, kowa ya kwafi littafin da safe. Ɗaya ya rubuta bashin da aka ci da rana a babban littafi. Ɗayan ya zo da yamma zai ajiye nasa kwafin a madadin babban littafin. In aka bar shi, bashin rana ya ɓace. Abin da Git ke hanawa ke nan. Aikin abokiyarka yake karewa.

To me za ka yi? Abu huɗu, a jere.

Na ɗaya, git fetch. Wannan yana ɗebo sabon tarihi, bai taɓa aikinka.

Na biyu, git status. Zai gaya maka komit nawa ka sha gaba, komit nawa aka bar ka a baya.

Na uku, haɗa aikin biyu. Rubuta git pull --rebase, da karan ɗori biyu a gaban kalmar rebase. Wannan yana ɗaga komit ɗinka ya ɗora su a kan na abokiyarka. In a ofishinku merge aka saba yi, wato haɗe rassan tarihi biyu da sabon komit, shi ma daidai ne. Bi al'adar gidanku.

Na huɗu, gwada manhajar ka ga tana aiki. Sannan ka sake turawa.

Wani lokaci Git zai ce conflict, wato an yi karo. Kun taɓa layi ɗaya ku biyun. Kada gabanka ya faɗi. Buɗe fayil ɗin. Za ka ga ya nuna nata, ya nuna naka. In ba ka fahimci dalilin canjinta ba, tashi ka tambaye ta, ko ka kira ta a waya. Minti biyu na magana ya fi kwana guda na gyara. In kun daidaita, rubuta git add, sannan git rebase --continue. In kuwa ka ga abin ya cakuɗe, git rebase --abort zai mayar da kai inda ka faro, ba ka rasa komai ba.

Akwai wasu hanyoyi biyu da ke jawo saƙon rejected ko da kai kaɗai ne a aikin. Ta farko, ka buɗe sabon rumbu a shafin Gitea ko GitLab, ka yarda ya sa maka fayil ɗin README. Wannan komit ne, kuma babu shi a kwamfutarka. Tarihi biyu ke nan da ba su haɗa asali ba. Tun daga Git 2.9 a 2016, Git ba ya haɗa irin waɗannan sai ka ba shi izini da --allow-unrelated-histories. Mafi sauƙi, in kana da aiki a hannu, buɗe rumbun babu komai a ciki. Ta biyu, ka tura komit, daga baya ka gyara shi da amend ko rebase. Gyaran yana ba shi sabuwar lamba, sai ya saɓa da wanda ke sabar.

Kuma in ka ga src refspec does not match any, wannan ƙaramar magana ce. Ko dai ba ka yi komit ko ɗaya ba tukuna, ko sunan reshen ba shi ba ne. Tsofaffin rumbuna suna kiran babban reshe master. Tun 2020 da yawa sun koma main. Rubuta git branch ka ga sunan naka.

Yanzu maganar tilastawa. Mai sauraro, ba ni kunnenka a nan.

Akwai umarnin git push --force. Yana gaya wa sabar ta jefar da tarihinta ta ɗauki naka. Yana aiki nan take. Saƙon kuskure ya ɓace, kai ka ji daɗi. Amma komit ɗin abokiyarka sun fita daga reshen. Kuma ga abin da mutane da yawa ba su sani ba. A kwamfutarka Git yana riƙe da reflog, wato rijistar duk inda reshe ya taɓa tsayawa. Rumbun sabar kuwa, in ba a kunna masa ba, ba ya riƙe wannan rijistar. Nemo abin da aka share a can wahala ce babba.

Don haka, a reshen da kuke tarayya, kada ka tilasta. In reshe naka ne kai kaɗai, kuma da gangan ka sake tsara tarihinsa, yi amfani da --force-with-lease. Shi wannan yana dubawa tukuna. In wani ya tura abin da ba ka gani ba, zai ƙi.

In kuma ƙaddara ta riga ta faɗa, an tilasta an share, kada a ɓoye. A sanar da kowa nan take. Kowa ya dakata. Wanda aka share wa aiki galibi yana da shi a kwamfutarsa, domin kowane kwafin Git yana ɗauke da tarihi. Daga nan za a dawo da shi.

Mun iso kashi na biyar, na ƙarshe. Idan sabar ce ta ƙi. A nan mai kula da sabar, da kai nake. Dalilai shida zan kawo.

Dalili na ɗaya, irin rumbun. Rumbun Git iri biyu ne. Akwai na aiki, mai fayiloli a buɗe, irin na kwamfutarka. Akwai kuma wanda ake kira bare, wato tarihi zalla babu fayilolin aiki. Na sabar ya kamata ya zama bare. In ka kafa na aiki a sabar, aka turo wa reshen da ke buɗe, za a ga refusing to update checked out branch. Ma'ana, ba zan taɓa reshen da ake aiki a kai ba. Tun Git 1.7.0 a 2010 haka yake ƙi, domin fayilolin da ke buɗe za su saɓa da tarihi. Maganinsa, kafa rumbun da git init --bare.

Dalili na biyu, mallakar fayiloli. Saƙon yakan ce insufficient permission for adding an object, wato babu izinin ƙara abu a ma'ajiya. Yawanci ga yadda ake jawo shi. Mai kula da sabar ya shiga rumbun da sudo, a matsayin root, babban mai iko, ya yi wani gyara. Sai wasu foldodi suka koma mallakar root. Mai amfani na yau da kullum ya zo rubutu, an hana shi. A mayar da mallakar ga mai rumbun da umarnin chown. In mutane da yawa ke shiga da sunayensu, a sa su rukuni ɗaya, a kunna core.sharedRepository. Kada a buɗe rumbun ga kowa da lamba 777. Wannan ba gyara ba ne, cire tsaro ne. Haka kuma tun Afrilun 2022, Git yana ƙin aiki a rumbun da wani daban ya mallaka. In kun ga dubious ownership, wato mallaka mai shakku, wannan ne. Nan ma a fara duba wanda ya mallaki foldar.

Dalili na uku, dokar gida. Sabar tana da ƙananan shirye-shirye da ake kira hook, masu duba kaya kafin a karɓa. In ka ga pre-receive hook declined, to wata doka ce ka taka. Karanta layukan da suka fara da remote, a nan aka faɗi dokar. A GitLab, babban reshe a kare yake tun daga farko. Mai matsayin Developer ba ya tura masa kai tsaye, sai Maintainer. In haka ne, buɗe sabon reshe, tura can, ka nemi a duba a haɗa. Ba lalacewa ba ce, tsari ne.

Dalili na huɗu, girman kaya. In ta HTTPS kuke turawa kuka ga lamba 413, kayan sun fi ƙarfin ƙofar. Sabar da yawa suna da manhajar Nginx a matsayin ƙofa a gaba, shi kuwa in ba a canza masa ba, megabait 1 kawai yake bari ya wuce a buƙata ɗaya. A ƙara client_max_body_size a saitinsa. Kai kuma mai turawa, duba ko ka saka bidiyo ko wani ƙaton fayil bisa kuskure. Goge shi a sabon komit bai isa ba, yana nan a tarihi. Sai ka cire shi daga komit ɗin da ya shiga, tun ba a tura ba. Manyan fayiloli suna da wurinsu, Git LFS, wanda ya fito a 2015.

Dalili na biyar, faifai ya cika. Saƙon yakan ce no space left on device, ko unpacker error, wato an kasa zazzage kayan. Rubuta df -h a sabar, ka ga sauran fili. Sau da yawa tsofaffin fayilolin rahoto ne da tsofaffin kwafin ajiya suka cinye wurin.

Dalili na shida, ɗaukewar wuta. Wannan mu a nan mun san shi. Idan Git zai canza reshe, yana ajiye wani ɗan fayil mai ƙarewa da lock, alamar kada kowa ya taɓa sai ya gama. In wuta ta ɗauke a daidai lokacin, fayil ɗin na iya maƙalewa. Wuta ta dawo, kowa ya turo, sai a ga cannot lock ref, wato an kasa kulle reshen. Da farko tabbatar babu wani aikin Git da ke gudana a sabar. Sannan ka goge wannan fayil ɗin shi kaɗai. Bayan haka rubuta git fsck, ya bincika lafiyar rumbun. In ya nuna wani abu ya lalace, dawo da shi daga kwafin ajiya, ko daga kwamfutar wani abokin aiki.

Shida ke nan. Irin rumbu. Mallakar fayiloli. Dokar gida. Girman kaya. Cikar faifai. Ɗaukewar wuta. In ka bi dukansu ba ka gano ba, buɗe fayil ɗin rahoto na sabar, wanda ake kira log. Abin da ba a nuna wa mai turawa ba, galibi a can yake.

Masu sauraro, lokaci ya fara ƙure mana. Kafin mu rabu, ga shawara biyu.

Ta farko ga mai turawa. In za ka nemi taimako, kada ka ce wa mutum kawai ya ƙi tafiya. Kwafo umarnin da ka rubuta. Kwafo saƙon duka, daga sama har ƙasa. Faɗi ko ta SSH kake shiga ko ta HTTPS. Faɗi abin da ya canza tun turawarka ta ƙarshe. Amma ka duba da kyau, kada kalmar sirri, ko tokin, ko makullinka na sirri su shiga cikin abin da ka aika. Kuma ka riƙa ɗebo aikin abokanka kowace safiya, kana tura naka kaɗan-kaɗan. Mai yin haka ba ya yawan karo da kowa.

Ta biyu ga mai kula da sabar. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Kare babban reshe. Kunna receive.denyNonFastForwards, domin sabar ta ƙi tilastawa ko da wani ya gwada. Sa wa sabar UPS ko inbata. Riƙa duba faifai kafin ya cika. Ajiye kwafin rumbun a wata na'ura daban, kuma ka gwada dawo da shi lokaci-lokaci, ka tabbatar yana aiki.

A nan za mu dasa aya. Sai wani makon, in Allah ya kai mu. Kafin nan, mai sauraro, duk ranar da rumbu ya mayar maka da aiki, cire hannunka daga madannai na minti ɗaya. Karanta saƙon. Gano wanda ya ƙi. Sannan ka gyara. Kada ka tilasta a kan aikin da ba naka kaɗai ba.